Saɓani, Taƙaddama ko Rikici: Yadda Kalma Ɗaya ta Ingilishi Take Sauya Labari

Shekaru da dama ke nan ina aikin tafinta da fassarar takardu a Marwa da ke arewacin Kamaru, tsakanin Faransanci da Ingilishi da Hausa, wani lokaci har da Fulatanci idan aiki ya kai mu ƙauyen da ba a jin wani harshe sai shi. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a shekarar 2013, rahotannin da ake rubutawa da Ingilishi a wannan yanki suka ƙaru ƙwarai, domin da yawa daga cikin masu ba da kuɗin ayyukan agaji Ingilishi suke karantawa. A cikin wannan aiki babu rukunin kalmomin da ya fi ba ni wahala, ya kuma fi ba ni tsoro, kamar kalmomin da Ingilishi yake bayyana rashin jituwa da su. Dalilin tsoron kuwa shi ne na taɓa ganin ɓarnar da kuskure a cikinsu yake yi, kuma da hannuna a cikin ɓarnar.

Abin ya faru ne a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, inda famfon burtsatse ɗaya yake shayar da unguwanni biyu, ta 'yan gari da ta baƙin da tashin hankali ya koro suka zo suka zauna. Wata safiya mata biyu suka yi cacar baki a kan layi. Ɗaya ta jera jarkokinta tun asuba ta koma gida ta ɗora tukunya, da ta dawo sai ta tarar an ture su gefe an saka wasu a gurbinsu. Aka ɗaga murya, aka yi gori, wata tsohuwa ta shiga tsakani, kuma kafin hantsi kowacce ta ɗebi ruwanta ta tafi. Yaron da yake rubuta mana rahoton mako ya rubuta da Faransanci cewa an yi “une dispute” a bakin famfo, kuma bai yi kuskure ba, domin a Faransanci abin da kalmar take nufi ke nan, wato cacar baki. Ni kuma da takardar ta zo hannuna da dare ina cikin sauri, sai na ɗauki kalmar yadda take na ajiye ta a Ingilishi, na rubuta “a dispute over the borehole”. Wanda ya taƙaita rahoton a ofishin da ke sama da mu ya ga unguwanni biyu, ya ga ruwa, ya ga wannan kalma, sai ya ɗaga ta mataki guda, ya rubuta “conflict over water”.

Daga nan aka dakatar da haƙa famfo na biyu da aka riga aka yi wa ƙauyen alkawari, aka ce sai an fara yin sulhu, kada sabon famfon ya rura wutar. Muka tashi tawaga guda muka je. Jauron ƙauyen ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya, ya saurari bayaninmu har ƙarshe bai katse mu ba, sannan ya dube ni ya ce, “Malam, wane rikici kuke nufi? Matan nan biyu shekaranjiya tare suka je suna.” Na ce, “Ranka ya daɗe, haka ya fito a takarda.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To, ku taimaka ku gyara takardar, domin rani yana tafe, mu kuma ruwa muke buƙata.” An gyara takardar, amma ranin ya zo ya wuce kafin injin haƙa ya shiga garin.

Tun daga ranar na fahimci cewa waɗannan kalmomi ba ado ba ne da marubuci yake sauyawa don kada ya maimaita kalma ɗaya. Kowacce daga cikinsu akwai wanda take kirawowa. Wata ba ta kiran kowa, wata dattijon unguwa ya ishe ta, wata alƙali take nema, wata kuwa da zarar an rubuta ta sai jandarma da soja. Mu Hausawa mun san wannan a harshenmu, domin babu wanda zai haɗa saɓani da gardama da husuma da gaba da yaƙi ya ce abu ɗaya ne. Sai dai a 'yan shekarun nan kalmar rikici ta haɗiye sauran a bakin masu labarai, har ta kai ga rikicin gida da rikicin jam'iyya da rikicin da ake kwasar gawarwaki duk suna ɗaya suke amsawa, kuma wanda ya saba da haka, idan ya zo Ingilishi, “conflict” zai riƙa jefawa a ko'ina.

Mu kuma Hausawan Kamaru da Chadi muna da wata matsalar da 'yan'uwanmu na Kano da Sakkwato ba su da ita, wato Ingilishi yakan iso gare mu ne ta bayan Faransanci. Tun bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, dubban kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi, kuma da yawansu sun riƙe kamanninsu amma ma'anarsu ta kama wata hanya dabam. Ɗalibin da ya yi makaranta a Garwa ko Ngawundare ko Njamena, idan ya ga kalmar da ya sani a Faransanci ta bayyana a Ingilishi da haruffa iri ɗaya, sai ya saki jiki da ita kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tashar mota, alhali kuwa kama da wane ba ta wane.

Mafi sanyi a cikin kalmomin ita ce “disagreement”, wadda ita ce saɓani, ko bambancin ra'ayi. Ba ta buƙatar ɗaga murya, ba ta buƙatar ɓacin rai, har ma mutum biyu suna iya kasancewa a cikinta shekara da shekaru ba tare da sun taɓa zama sun yi maganar ba. Misalin da nake ba ɗalibai kullum shi ne na ƙabalu da sadalu: wannan ya ɗora hannuwansa a ƙirji, wancan ya sake nasa, suna sahu ɗaya, bayan sallama kuma su gaisa su tambayi juna iyali. Abin da malamai suke kira saɓanin malamai ke nan, kuma idan za a faɗe shi da Ingilishi, “disagreement among scholars” ne. Ranar da aka daina bin juna sallah a kansa, aka raba masallaci, to ya tashi daga wannan kalma ya koma wata. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma wannan saɓawar ce kalmar take nufi, wadda zaman tare ba ya rabuwa da ita. Kusa da ita akwai “misunderstanding”, rashin fahimtar juna, wadda take nuna cewa a zahiri ma ba a saɓa ba, magana ce wani ya ji ta a karkace.

Kalmar “argument” kuwa fuska biyu gare ta, kuma nan ne mai Faransanci yake yawan tuntuɓe. A Faransanci hujja kawai take nufi, wato dalilin da mutum ya kafa don ya kare ra'ayinsa. A Ingilishi tana nufin hujjar, tana kuma nufin gardama mai zafi, kuma abin da yake raba su shi ne aikatau ɗin da ya zo tare da ita. Idan aka ce lauya “made an argument”, hujja ya gabatar. Idan aka ce miji da mata “had an argument”, sa-in-sa suka yi. Na taɓa jin wani matashin tafinta ya fassara wa dattawa cewa baƙon da ya zo yana da gardama uku da zai yi da su, alhali mutumin hujjoji uku ya ce zai kawo, kuma na ga yadda fuskokin dattawan suka sauya kafin a gyara maganar. Ita “debate” muhawara ce mai tsari, wadda kowa yake da lokacinsa na magana, “discussion” kuma tattaunawa ce, babu zafi a cikinta.

Abin da ya faru a bakin famfon nan “quarrel” ne, kuma da na rubuta haka da babu abin da zai biyo baya. Kalma ce ta mutanen da suka san juna, maƙwabta ko 'yan'uwa ko abokai, akwai fushi a cikinta, akwai baƙar magana, amma da baki ake yin ta. A nan Hausa ce take iya ruɗa mai fassara, domin kalmarmu ta faɗa ta ɗauki abubuwa uku. Idan aka ce sun yi faɗa, wajibi ne tafinta ya tambaya da baki ne ko da hannu, domin na baki “quarrel” ne, na hannu kuma “fight”. Idan kuwa aka ce uba ya yi wa ɗansa faɗa, ba ɗaya daga cikin biyun, “scold” ne, tsawatarwa daga babba zuwa ƙarami. Akwai wasu ƙananan kalmomi a wannan gefe da ba sai na daɗe a kansu ba. Jaridun Ingila suna son “row”, wadda ake furtawa “rau”, don hayaniya ko ce-ce-ku-ce. “Squabble” da “bicker” na tankiya ne a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma akwai raini a cikinsu, saboda haka kada a rubuta su a kan manya sai idan rainin ake nufi. “Altercation” kalmar rahoton 'yan sanda ce, hatsaniya tsakanin mutum biyu a bainar jama'a.

Yanzu sai “dispute”, wadda ita ce ta kayar da ni. A Ingilishi taƙaddama ce a kan wani abu takamaimai wanda kowane ɓangare yake cewa shi ne mai haƙƙi a kansa: iyakar gona, gado, bashi, albashi, sakamakon zaɓe, kan iyakar ƙasa. Akwai abin da ake ja a kansa, ana iya nuna shi da yatsa, kuma akwai wanda zai iya zama ya saurari ɓangarorin ya raba gardama. Ba ta buƙatar fushi ko kaɗan, domin kamfanoni biyu suna iya yin shekaru a cikinta ta hannun lauyoyi ba tare da wani ya ɗaga wa wani murya ba. Abin da Faransanci yake kira “différend” ko “litige” ke nan. Saboda haka da na rubuta “a dispute over the borehole”, abin da mai karatu ya fahimta shi ne unguwanni biyu suna jayayya a kan mallakar famfon, ba mata biyu a kan layin jarka ba.

Mu da muke wannan yanki ba sai mun je nesa neman misali ba. Lokacin da ruwan Tafkin Chadi ya ja baya, masunta da manoma daga Najeriya, ciki har da Hausawa da yawa, suka bi ruwan suka kafa ƙauyuka a wajajen Darak da ke ɓangaren Kamaru, hukumomin Najeriya kuma suka biyo su. A kudu kuma ga tsibirin Bakasi, inda sojojin ƙasashen biyu suka yi musayar wuta fiye da sau ɗaya. A watan Maris na 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague, daga baya ta haɗa da batun tafkin da sauran kan iyakar. Kotun ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, ta dogara da yarjejeniyoyin zamanin Turawan mulkin mallaka, ciki har da ta Ingila da Jamus ta 1913 a kan Bakasi. A watan Disamba na 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da talatin na gefen tafkin, a 2006 Shugaba Paul Biya da Shugaba Olusegun Obasanjo suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a gaban Kofi Annan, aka kuma kammala miƙa Bakasi ranar 14 ga Agusta, 2008. Duk da an zubar da jini a tsakani, abin da Ingilishi ya fi kiran wannan lamari da shi shi ne “boundary dispute”, domin akwai layin da ake ja a kansa, an kuma sami alƙalin da ɓangarorin biyu suka tsaya a gabansa. A wannan hukuncin ne ma ake iya ganin wata kalmar, “dissent”, wato ƙin bin ra'ayin masu rinjaye daga cikin gida: alƙali Abdul Koroma na Saliyo da Bola Ajibola, wanda Najeriya ta zaɓa ya zauna a shari'ar, sun rubuta abin da ake kira “dissenting opinion”, suka bayyana dalilan da suka sa ba su yarda da sauran alƙalan ba, amma hukuncin masu rinjaye ne ya tsaya.

Misalin da ya fi fito da bambancin a fili kuwa na Chadi ne. Libiya ta mamaye zirin Awuzu da ke arewacin Chadi a 1973, aka yi shekaru ana gwabzawa har zuwa 1987, kuma littattafan tarihi na Ingilishi suna kiran wannan zamani “Chadian-Libyan conflict”. Da ƙasashen biyu suka amince su kai maganar Kotun Duniya, sunan da aka rubuta a kan shari'ar shi ne “Territorial Dispute”. Kotun ta ba Chadi gaskiya ranar 3 ga Fabrairu, 1994, bisa yarjejeniyar da Faransa da Libiya suka ƙulla a 1955, sojojin Libiya kuma suka janye a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar. Ƙasar ita ce dai ba ta sauya ba, masu jayayyar su ne dai, amma lokacin da ake neman ta da bindiga sunanta dabam, lokacin da aka koma neman ta da takarda da taswira sunanta dabam. Shi ya sa babi na shida na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, wanda ya jera hanyoyin sasantawa kamar tattaunawa da shiga tsakani da zuwa kotu, da kalmar “disputes” ya yi amfani a kansa.

Ba zan ɓoye cewa kalmomin suna shiga gonar juna ba. Kotun da ta gabaci Kotun Duniya ta yanzu, a wata shari'a ta 1924 da ake kira ta Mavrommatis, ta bayyana ma'anar kalmar da cewa: “A dispute is a disagreement on a point of law or fact, a conflict of legal views or of interests between two persons.” Ga kalmomin uku a jimla ɗaya, kowacce tana bayyana 'yar'uwarta. Amma wanda ya lura zai ga cewa jimlar ba ta ce su ɗaya ba ne. Cewa ta yi taƙaddama saɓani ne da aka ɗaure shi a kan wata magana ta doka ko ta abin da ya faru, wato saɓanin da ya sami abin kamawa.

Ita “conflict” asalinta daga harshen Latin ne, daga kalmar da take nufin abubuwa biyu su yi karo, kuma wannan karon yana nan a cikinta har yau. Ta fi “dispute” faɗi da zurfi da daɗewa. A cikinta ba abu ɗaya ake ja ba, buƙatu ne ko hanyoyin rayuwa ko iko suke karo da juna, ta yadda ko alƙali ya yanke hukunci a kan gona ɗaya, gobe wata za ta taso. Wannan ne ya sa masu Ingilishi suka fi cewa “settle a dispute” amma “resolve a conflict”, kamar yadda mu ma muke cewa an raba gardama amma an kashe wutar rikici. Ba kullum take nufin jini ba. “Conflict of interest” shi ne halin da mutum yake shiga idan yana cikin kwamitin ba da kwangila ƙanensa kuma yana cikin masu nema, “conflicting reports” kuma rahotanni ne masu karo da juna. Amma idan aka ɗora ta a kan al'ummomi biyu a yanki irin namu, babu mai karatun da zai yi tunanin wani abu in ba makami ba.

Mun ga yadda abu yake tashi daga wannan kalma ya hau waccan a Logon-Birni, a arewacin Kamaru kusa da iyakar Chadi, a shekarar 2021. Asalin maganar ruwa ne. Masunta da manoma na Musgum suna haƙa ramuka don su tare ruwa da kifi idan ambaliya ta janye, makiyaya Larabawan Shuwa kuma suna kukan cewa shanunsu suna faɗawa ciki. A wannan mataki “dispute” ne, wanda masu sarauta da hukuma suke iya zama a kansa. A watan Agusta aka yi arangama aka rasa rayuka, a watan Disamba wutar ta sake tashi ta kai har Kuseri, inda aka lalata kasuwar shanu, aka ƙone ƙauyuka sama da 100, dubun-dubatar mutane kuma suka ƙetare kogi zuwa Chadi. Wanda ya kira wannan “disagreement” ya ci amanar waɗanda suka mutu, kamar yadda ni na zalunci mutanen ƙauyen nan da na bari aka kira cacar bakinsu “conflict”. Kuskuren yana iya zuwa ta sama, yana iya zuwa ta ƙasa.

Akwai kalmar da nake roƙon masu rubutu su yi hattara da ita fiye da kowacce, wato “clash”. Arangama ce, taho-mu-gama na ɗan lokaci, kuma tana ɗauke da ma'anar cewa ɓangarori biyu ne suka fuskanci juna, kowanne ya kai hannu. Idan 'yan bindiga suka shiga ƙauye cikin dare suka sami mutane suna barci, wannan ba “clash” ba ne, “attack” ne, hari ne. Na sha ganin an rubuta “clashes” a inda ɓangare ɗaya ne kawai yake da makami, saboda marubucin yana gudun a ce ya ɗauki gefe, alhali da wannan kalmar ya raba laifi biyu ya ɗora wa wanda aka kashe rabi. Tsayawa a tsakiya ba shi ne a daidaita wanda ya kai hari da wanda aka kai wa ba.

A fannin doka kuma nauyin ya fi haka. Yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 sun yi amfani da “armed conflict”, ba “war” kaɗai ba, domin dokar ta yi aiki ko da babu wanda ya yi shelar yaƙi, kuma sashe na uku da dukkansu huɗun suka yi tarayya a kansa ya shafi faɗan da ake yi a cikin ƙasa ɗaya. Ƙarin yarjejeniya ta biyu ta 1977 ta fito fili ta ce ba ta shafi abin da ta kira “internal disturbances and tensions” ba, kamar tarzoma da tashin hankali na nan da can. Masana suna duba abubuwa biyu kafin su ce an ƙetare wannan iyaka: tsananin faɗan da daɗewarsa, da kuma ko masu ɗauke da makaman suna da tsari da jagoranci. Wannan ne ya sa gwamnatoci da 'yan tawaye suke jayayya a kan suna kamar yadda suke jayayya a kan ƙasa. Abin da ya faro a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na ƙasarmu, inda ake magana da Ingilishi, a ƙarshen 2016 da yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta, ya kuma rikiɗe ya zama na makami bayan Oktoban 2017, an fi saninsa da “Anglophone crisis”, masu neman ɓallewa kuma “war” suke cewa. Ita “crisis” a karan kanta ba ta nufin faɗa, mawuyacin hali take nufi wanda ya kai gaɓar da dole a yi wani abu, shi ya sa ake amfani da ita ga yunwa da annoba da karyewar tattalin arziki. Mai fassara ba shi ne zai raba wannan gardama ba, amma wajibi ne ya san cewa duk kalmar da ya ɗauka akwai wanda ya riga shi tsayawa a kanta, ya kuma mayar da abin da mai magana ya faɗa, ba abin da shi yake so a ce ba.

Saura biyu da suke da kusanci da rayuwarmu. “Feud” gaba ce, irin wadda ake gada tsakanin gidaje biyu, har jikoki su tashi ba sa ga maciji da juna ba tare da sun san mafarin abin ba. “Tension” kuma zaman ɗar-ɗar ne, lokacin da ba a taɓa kowa ba amma kasuwa takan tashi da wuri, mata kuma su daina aiken yara unguwar da ke ƙetaren kwari. Ita ce kalmar da ta dace da abubuwa da yawa da ake gaggawar kira “conflict”, kuma rubuta ta a kan lokaci yakan sa a zo da wuri.

A kakar da ta wuce wata takarda ta zo hannuna a kan maƙwabta biyu da suke jayayya a kan iyakar gonar masakwa, bayan ruwa ya shafe kunyar da ta raba su. Da Faransanci an rubuta “conflit foncier”, wato rikicin ƙasa, wanda shi ne yadda aka saba faɗa a ofisoshinmu ko da maganar taku goma ce ta ƙasa. A wannan karon ban fassara ba sai da na nemi lawani, wato basaraken yankin, a waya. Bayan mun gaisa na ce, “Ranka ya daɗe, an ɗaga sanda ko wuƙa a maganar nan?” Ya ce ko kusa. Na ce, “Suna gaisawa?” Ya ce, “Malam, masallaci ɗaya suke sallah, kuma ɗan wannan ne yake auren 'yar wancan. Ranar Alhamis zan fita da dattawan da suka san tsohuwar iyakar mu je mu duba.” Na rubuta “land dispute between two neighbours”, na ƙara jimla ɗaya da ta ce maganar tana hannun lawani kuma an sa ranar zuwa gonar, sannan na aika da takardar.